Tafkin Bobboyi Tela

Duk wanda ya san kasuwar Jimeta tun kafin a yi gada a kan Binuwai, to ya san Bobboyi Tela. Dogo ne siriri mai ɗan gemu, ba ya dariya sai murmushi, shi ma sai ka sha wahala kafin ka samu. Ɗan cikin garin Yola ne, daga gidan malamai, irin gidajen da ake koya wa yaro kunya tun bai iya tafiya ba. Neman abinci ne ya kawo shi Jimeta, ya kama gida a Nassarawo, ya kafa kekensa a wata rumfa kusa da masu atamfa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Yola ke sa 'yan dako su yi ta yawo ba riga, ba wanda ya taɓa ganin Bobboyi ba babbar riga da hula. Barebarin kasuwa, abokan wasansa, sukan rantse cewa da su yake wanka.

Wannan mutumin, wanda ko ƙafarsa bai taɓa tsomawa a kogi ba, shi ne ya tara jama'a aka gina wa yaran unguwa wurin iyo. Yau in ka je ba za ka ga komai ba, an cike ramin tuntuni. Amma akwai tsofaffi a Jimeta da a nan suka koyi ruwa, kuma ba dukansu ne suka san abin da ya sa tela ya tona rami ba.

Matarsa Zulaihatu 'yar baffansa ce, Modibbo Hamajoɗa. Ka ga kuwa kunya ta zama biyu, ga baffa ga suruki. Bobboyi bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa zama kan kujera yana nan ba, balle ya katse masa magana. Allah ya ba su ɗan fari namiji. To, ka san Fulani da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da zamansa. In Bobboyi zai yi zancensa sai ya ce wancan, uwar kuma ta ce yaron nan. Son da suke masa kuwa, sai Allah. Bobboyi kan ɓoye ragowar yadi mai kyau ya ɗinka masa riga, sannan ya ba wani ya miƙa masa, kamar ba shi ya ɗinka ba. Tunda uban bai faɗi sunan ba, ni ma bari in riƙe bakina tukuna.

Shekarar da aka sami mulkin kai, da kaka, kogi na cike taf, Modibbo ya tashi zuwa Girei ta'aziyya. Bobboyi ya raka shi bakin ruwa don ya hau jirgin fito, yaron, mai shekara bakwai, ya biyo su. Suna cikin jiran jirgi sai yaron ya sulale ya shiga cikin yaran da ke wasa a gefen ruwa. Bobboyi na tsugune gaban Modibbo, kansa a ƙasa, dattawa biyu na gefe, amma wutsiyar idonsa na kan yaron. Ya ga yana ƙara nausawa ciki. Ya kuwa san wurin, yashi ne shimfiɗe, sai kuma gaɓa ta yanke lokaci guda. Sunan ya zo masa har kan harshe. Modibbo na tsakiyar magana. Sai Bobboyi ya ɗan juya ya ce kai yaro, da murya irin ta gaban suruki. Yara birjik a wurin, kowannensu yaro ne, ba wanda ya waiwayo. Ya yafuto wani mai sayar da rake ya roƙe shi ya kira masa wancan. Mai rake ya tambaya wanne. Kafin Bobboyi ya ɗaga hannu ya nuna, babu wanda za a nuna.

Washegari masunta suka fito da shi can ƙasa. Bobboyi bai yi kuka ba, don ba a yi. Ya zauna ya karɓi gaisuwa, mutane suna ta yaba haƙurinsa, ana cewa ga ɗan gidan mutunci. Wallahi da sun san abin da ke cin sa da ba su yaba ba. Mai rake ya je gida ya ba matarsa labari, matar ta ba wata, har maganar ta iso kunnen Zulaihatu. Ba ta ce masa uffan ba. Ta ci gaba da kawo masa abinci kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, sai dai ta daina zama. A da takan zauna gefen tabarma suna hira yana ci. Daga ranar, da ta ajiye kwano sai ta tashi.

A lokacin tana goye da na biyu, Sambo. Shi kaɗai ne namijin da ya rage musu, kuma tun bai san hagu da dama ba uwar ta kafa masa doka: ba shi ba kogi. Ko mashaya ba ya bi. In damina ta yi kududdufai suka cika, ba ta barinsa ya wuce ƙofar gida sai da rakiya.

Ai kuwa doka ta yi aiki, har Sambo ya kai shekara goma da wani abu. Wata rana ana shirin sallah, Bobboyi ya ɗauki wandon makarantar yaron zai warware kalmasar ƙafa ya ƙara masa tsawo. Yana yanke zaren sai yashi ya zubo masa a cinya. Fari ne, mai laushi, ba irin jar ƙasar Nassarawo ba. Ya daɗe yana murza shi da yatsa. Bai kira yaron ba, bai dake shi ba, bai kuma gaya wa uwar ba. Duka me zai yi? In bazara ta kama, duk yaran Jimeta kogi suke, a dake su yau gobe su koma. Abin da ya gane shi ne, Sambo zai ci gaba da zuwa, kuma bai iya ruwa ba, uban da zai koya masa shi ma bai iya ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun waccan kakar.

Maƙwabcinsa ya kai wa kuka. Absalom Babacame ne daga Numan, tsohon soja da ya dawo bayan yaƙin basasa ya kama aikin magini a ma'aikatar ayyuka. Gajere ne kakkaura, mai surutu da dariya, kishiyar Bobboyi ta kowace fuska, kuma a ruwa aka haife shi kusan. Bobboyi ya roƙe shi ya riƙa kai Sambo kogi a ɓoye yana koya masa. Absalom ya ce a'a. Su da suka tashi a bakin kogi tun suna rarrafe suka saba da shi, amma Binuwai ba wurin koyon ɗan birni ba ne, yashinsa yau yana nan gobe ya tashi, kuma shi ba zai ɗauki ɗan Zulaihatu a bayan idonta ba. Sai ya ba shi labarin wani abu da ya gani a bariki lokacin soja, tafki na siminti, mai matakala, gefe ɗaya iya gwiwa, gefe ɗaya mai zurfi, ruwan ba ya gudu kuma kana ganin ƙasansa. Hira kawai yake yi. Bobboyi ya tambaye shi ko zai iya gina irinsa. Absalom ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce in an ba shi siminti da ruwa, me zai hana. Bai san da wa yake magana ba.

Mutumin da ba ya iya tambayar bashinsa don kunya, sai ga shi ƙofa-ƙofa. Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin limamai, ya je wurin fasto, ya je wurin malaman firamare. Wasu suka ɗauka zafi ne ya taɓa shi. Ga kogi Allah ya ba ku kyauta, ka ce a tona wani? Barebari suka sa wa abin suna Tafkin Bobboyi tun ba a sari ƙasa ba, in ya wuce su tambaye shi ko kifin ya fara girma. Shi dai ba ya gardama. Sai ya tambayi mutum, a hankali, ko akwai gidan da ya sani wanda kogi bai taɓa ɗaukar masa kowa ba. A nan dariya kan ragu, don a Jimeta wannan tambaya ba ta da daɗin amsawa.

Aka kafa kwamiti. Ka san halin kwamiti, kowa da abin da ya zo ratayawa. Malaman makaranta suka ce sai da filin ƙwallo. Matan coci, da matar Absalom a gaba, suka ce sai da zauren taro inda za a yi biki da koyon saƙa. 'Yan kasuwa suka ce a sa rumfuna. Bobboyi ya amince da duka, sharaɗinsa ɗaya, tafki ne farko. Hukumar gari ta ba su wani tsohon kududdufi a bakin unguwa inda ake ɗibar ƙasar gini. Aka rubuta takardar neman taimako zuwa Maiduguri, hedkwatar jiha, takarda ta tafi ta sami wuri ta yi zamanta. Da suka gaji da jira sai suka koma ga abin da suka sani, wato gayya. Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi ba ta yiwuwa, sai aka tsayar da Asabar. Masu jakuna suka kawo yashi, masu kwalekwale suka kawo duwatsu, mata suka yi ta dama kunu. Siminti kuwa sai an jira damina, lokacin da jiragen ruwa ke iya hawowa har Jimeta, sannan a bi manyan 'yan kasuwa, wannan ya ba da buhu, wancan ya yi alkawari.

Ana cikin haka Modibbo ya aiko a kira shi Yola. Ya tsufa a lokacin, amma harshensa bai tsufa ba. Ya ce ya ji ɗan gidansu na tona rami don 'ya'yan mutane su tuɓe a gaban jama'a. Bobboyi na tsugune ya saurara har ƙarshe, ya yi sallama ya koma. Bayan mako ya dawo da ƙunshi, ya ajiye gaban baffan nasa. Wando ne na yaro, daga cibiya har ƙasan gwiwa, da mazagi mai ƙarfi, an harhaɗa shi da ragowar yadi kala-kala. Ya ce kowane yaro da irinsa zai shiga, kuma shi zai ɗinka. Modibbo ya juya wandon, ya ja ɗinkin ya ga ba ya ɓarkewa. Abin da ya ce kawai shi ne a kewaye wurin da zana, kuma kada maza da mata su haɗu rana ɗaya. A wajen Modibbo wannan amincewa ce.

A gida ne abin ya gagara. Zulaihatu ta ji labari tun farko, tana dai kallon tarin wandunan da ke ƙaruwa a ɗaki. Ranar da ya daure ya gaya mata cewa don Sambo yake wannan wahala, har ya ba ta labarin yashin, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

“Malam, kogi ya ɗauki ɗaya, yanzu ka kawo mini kogin ƙofar gida. Ɗana ba zai shiga ba.”

Ya ce ruwan ba ya gudu, kuma shi da kansa zai tsaya a wurin.

“Wanda ya gani bai kira ba, shi zai tsare mini wannan?”

Shekara da shekaru maganar na cikinta, sai ranar ta fito. Bobboyi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gaskiya ta faɗa. Ya tashi ya fita, ya je ya tsaya bakin ramin. Asabar ta zagayo, ya ɗauki kwandonsa ya koma ɗibar ƙasa, da babbar riga da komai.

Sau ɗaya suka yi faɗa da Absalom, a kan zurfi. Absalom na so ɓangare mai zurfi ya shanye kan babban mutum, yadda ya gani a bariki, don samari su riƙa tsalle. Bobboyi ya ce atafau. Ya sauka cikin busasshen ramin, ya jingina da bango, ya ciro allin ɗinki daga aljihu ya ja layi daidai haɓarsa, ya ce ruwa ba zai wuce nan ba. Absalom ya yi ta mita, ya ce wannan ai kwatarniya ce ba tafki ba, amma ya bi layin.

Cikon farko abin kunya ne. An sami tsohon injin ban ruwa, aka ja daga rijiya, aka cika, yara suka kewaye suna ihu. Kafin a sa ranar buɗewa ruwa ya tsiyaye ta ƙasa, ya bar kwaɗi. Barebari suka sami abin yi. Sai da aka fasa daɓen, aka sake jiran wata damina da wasu jiragen. Mutanen gayya suka ragu, wasu Asabar ɗin daga Bobboyi sai Absalom. A duk tsawon lokacin nan Sambo na zuwa kogi, uban na sane, yana duba kalmasar wando yana ganin yashi. Kullum in yaron ya makara dawowa daga makaranta, Bobboyi ba ya iya zura zare a allura.

Aka buɗe wuri da bazara, ranar wata Asabar mai zafin gaske. An kafa rumfa, manya sun zauna, har Modibbo an ɗauko shi daga Yola an ba shi kujera a gaba. Zauren taro ko rufi ba a yi masa ba, filin ƙwallo kuwa turaku biyu ne kawai, amma tafki na nan cike, ana ganin ƙasansa. Zulaihatu ta hana Sambo fita tun safe. Ina! Yaro ya haura katanga, ya saje cikin 'yan uwansa, ya zari wando ɗaya daga tarin. Da uwar ta duba ba ta gan shi ba, ta yafa mayafi ta fito da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi wurin don ta jawo shi da kunne.

Bobboyi na tsugune gaban Modibbo, kansa a ƙasa, tsohon na yi masa magana. Absalom na can ɗaya gefen ya ba da baya, yana jera ƙanana a matakala. Da wutsiyar ido Bobboyi ya ga wani yaro ya ware daga layi da gudu, bai nufi matakala ba, ya nufi wurin zurfi. Ya san gudun. Sambo ya saba fantsama a bakin kogi inda ƙafa ke taɓa yashi, ya ɗauka shi ne iya ruwa, yana so abokai su gani. Ya daka tsalle. Kai ya fito, ya koma. Hannu ya fito, ya koma. Hayaniya ta yi yawa, ba wanda ya lura.

Bobboyi ya miƙe a tsakiyar maganar Modibbo.

“Jibrilla!”

Muryar ta fasa taron. Ba wanda ya taɓa jin Bobboyi ya ɗaga murya, kuma ba wanda ya san wani Jibrilla a cikin yaran. Mutum biyu ne kawai bayan shi suka gane, tsohon da ke kan kujera, da matar da ta iso bakin zana a daidai lokacin. Sunan ɗan farin ke nan.

Bai tsaya cire komai ba. Da riga da hula da takalmi ya faɗa. Rigar ta kumbura ta rufe masa fuska, ya nutse, ya sha ruwa, ya ga mutuwa ido da ido. Sai ƙafarsa ta taɓa siminti. Ya miƙe tsaye, ruwa ya tsaya masa daidai haɓa, inda ya ja alli. Ya laluba ya cafko yaron, ya ɗaga shi ya ɗora a kafaɗa. Daga nan kuma ya kasa gaba ya kasa baya, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ruwa yana tari, hularsa na yawo a gefe, har Absalom ya iso ya jawo su. Da aka ga yaro na numfashi, har yana kuka, sai dariya ta ɓarke. Wani Babarbare ya ce ai dama sun faɗa, da riga yake wanka.

Shi Bobboyi bai ji dariyar ba. Sai da ya fito ya tuna abin da bakinsa ya faɗa, da gaban wanda ya faɗa. Ya ja jiki, ruwa na zuba daga rigarsa, ya koma ya tsuguna gaban Modibbo, ya kasa ɗaga kai. Tsohon ya dube shi. Ya sa gefen rawani ya goge ido.

“Da ka katse ni tun waccan ranar, Bobboyi.”

Zulaihatu ta ratsa maza ta shigo, ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa ta shafa Sambo daga kai har ƙafa, ta tabbata lafiyarsa lau, sannan ta murɗe masa kunne yadda ta yi niyya tun daga gida. Kowa ya ɗauka za ta ja shi su tafi. Sai ta juya wajen Absalom, ta kira shi yadda ta saba, da sunan 'yarsa.

“Baban Rebeka, ka koya masa ruwa.” Ta dubi mijinta da ke tsugune yana ɗiga. “Su biyun.”

Da la'asar Bobboyi na zaune a tsakar gida, babbar rigar na shanye a igiya, yana yanka yadin wando ɗaya mai tsawo, na babban mutum. Zulaihatu ta kawo abinci ta durƙusa ta ajiye. Ya jira ta tashi kamar kullum. Ba ta tashi ba. Ta gyara zama a gefen tabarma, tana kallon ƙasa, ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Ita uwa ce, kunyarta ta fi tasa nauyi, ko sau ɗaya sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba zai fita ba.

“Malam,” ta ce, “sake kiransa in ji.”

Ya ajiye almakashi, ya kira shi a hankali.